Yadda Ake Ɗora Linux Mint daga Filash a Kan Tsohuwar Kwamfuta

'Yar yayata ce ta shigo min da kwamfutarta a jakar goyo, wata Asabar da hantsi. Ta ajiye ta a kan tabarma ta ce, "Kawu, don Allah duba min wannan abar. In na kunna ta, sai na ɗora ruwan shayi ya tafasa kafin ta gama tashi. Kuma an ce ba za ta ɗauki Windows 11 ba, wai sai dai in sayi sabuwa." Tana ajin ƙarshe a jami'a, furojet ɗinta na ciki, kuɗin sabuwar kwamfuta kuwa ba ya cikin lissafin gidansu a bana.

Na buɗe ta. Dell Latitude ce ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Ingila, Core i5 na tsohon zubi, ram giga 4. Lafiyarta ƙalau, ko tsagewa babu a jikinta. Maganar Windows 11 gaskiya aka gaya mata, domin yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan, ita kuma ba ta da su. Tun 14 ga Oktoba, 2025 ma Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10. Amma na ce mata ta ba ni yini guda da filash ɗaya. Abin da na yi mata a ranar shi zan bi da kai daki-daki, don na san gidaje da yawa akwai irin wannan kwamfutar a ƙarƙashin gado tana shan ƙura, alhali da sauran aiki a jikinta.

Wane Linux ɗin?

Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kamar dai Windows. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya faro ta a 1991, ya kuma bar rubutunta a buɗe: kowa na da damar dubawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Saboda haka babu maganar lasisin sata ko lambar buɗewa, kyauta take halak malak. Daga wannan tushen jama'a suka haɗa nau'o'i barkatai. Ubuntu, wadda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fitar a 2004, tana cikin waɗanda suka fi suna. Linux Mint kuma a kan Ubuntu aka gina ta, tun 2006.

Mint nake ba duk wanda ya taso a kan Windows. Maɓallin jerin manhajoji na ƙasa ta hagu, agogo na ƙasa ta dama, inda ido ya saba. Fayil ɗinta wajen giga 3 ne, na Ubuntu 24.04 kuwa ya doshi giga 6, kuma duk mai sayen data da guminsa ya san wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Jerin Mint 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Iri uku take zuwa: Cinnamon, MATE da Xfce. Cinnamon ta fi kyan gani, Xfce ta fi sauƙin nauyi. In ram ɗinka giga 8 ne, ɗauki Cinnamon. In 4 ne ko ƙasa da haka, ɗauki Xfce, ita na ɗora wa 'yar tawa. Masu Mint sun ce mafi ƙarancin abin da take buƙata ram giga 2 ne da fili giga 20, amma su kansu sun fi son ram giga 4 da fili giga 100. Kuma dole kwamfutar ta zama mai 64-bit, sun daina yin ta 32 tun daga Mint 20.

Kafin ka kashe ko sisi, tambayi kanka aikin da kake yi da kwamfutar. CorelDRAW, Photoshop da AutoCAD ba su da nau'in Linux, haka ma Microsoft Office da ake ɗorawa a kwamfuta. In kai mai bizines santa ne, da Corel kake buga katin biki da kalanda, kada ka goge Windows ɗinka. Ka ajiye su biyun gefe da gefe, ko ka haƙura. Wanda aikinsa rubutu ne, lissafi, shiga intanet, kallon darussa da taro ta Zoom, ba abin da zai rasa.

Aikin gaske kafin a taɓa filash yake

Ɗorawar kanta ba ta wuce minti ashirin. Abin da ke raba mutum da dukiyarsa shi ne garajen da yake yi kafin nan. Na taɓa goge wa wani ɗan'uwana hotunan sunan 'yarsa ta fari, saboda na yarda da "ai na kwafe komai" ban buɗe na gani ba. Shekaru sun wuce, har yau in na tuna sai raina ya sosu. Tun daga ranar ba na taɓa kwamfutar kowa sai mun zauna tare mun kwashe kayan ciki zuwa wani wurin daban, sannan mai ita ya buɗe kwafin da hannunsa ya tabbatar.

Haka muka yi da ita. Muka bi Desktop, Documents, Downloads da Pictures ɗaya bayan ɗaya, muka zuba a wani rumbun ajiya na waje. Furojet ɗin kuwa wuri uku ya shiga: rumbun, wayarta, da imel ɗin da ta aika wa kanta. Na ce, "Buɗe babi na uku daga wayar in gani." Ta buɗe, ya fito. Kada ka manta da kalmomin sirrin da burauza ta riƙe maka. Mutane da yawa ba su san na imel ɗinsu ba sam, Chrome ce ke cike musu. Ka tabbatar ka san su ko ka rubuta su a takarda.

In kana so Windows ya zauna tare da Mint, akwai ƙarin shiri a cikin Windows ɗin. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka nemi layin "BIOS Mode". Zai nuna UEFI ko Legacy, wato hanyar da BIOS yake bi, shi ne saitin asali da ke tayar da kwamfuta kafin Windows. Riƙe wannan a ka, za ka buƙace shi. Sai ka kashe abin da ake kira Fast Startup, wanda yake cikin Control Panel, ƙarƙashin Power Options, a wurin "Choose what the power buttons do". Muddin yana kunne, Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya in ka kashe kwamfuta, likimo kawai yake yi, yana riƙe da rumbun ajiya a kulle. Na uku shi ne BitLocker, wato makullin da ke rufe bayanan rumbun. In yana kunne, fara nemo lambar buɗe shi mai alƙaluma 48, wadda galibi take cikin asusunka na Microsoft, ka rubuta ta, sannan ka kashe shi ka jira ya gama kwancewa. Taɓa saitin BIOS kaɗai kan sa ya nemi wannan lambar, kuma wanda ba shi da ita ya yi sallama da kayansa.

Sai filash. Mai giga 8 ya wadatar, kuma komai na cikinsa zai tafi. Kada ka sayi na masu talla a cunkoson motoci, wanda aka rubuta wa giga 64 a kuɗin ƙosai. Araha ba ta ado. Na taɓa faɗawa: jikinsa ya ce 32, ainihin cikinsa bai kai kwata ba, ɗorawa ta yi rabi ta tsaya cak. Akwai 'yar manhajar Windows mai suna H2testw, tana cika filash da bayanai ta sake karantawa, ta gaya maka gaskiyar girmansa. In kana shakkar naka, bi da shi ta nan.

Batir kuma a cike shi. In batirinka ya mutu, sai a jikin caja kwamfutar ke aiki, nemi inda wuta take tsaye, ko janareto ko sola. Ɗauke wuta a daidai lokacin da ake raba rumbun ajiya ɓarna ce babba.

Saukewa da tantancewa

Je linuxmint.com, ka shiga wurin saukewa, ka zaɓi irin da kake so. Daga nan kaɗai za ka ɗauka, ban da wanda wani ya tura maka ba ka san asalinsa ba. Za a jero maka ƙasashe da wuraren saukewa; kowanne ka danna abu ɗaya ne, sai dai wani ya fi wani sauri. Fayil guda za ka samu mai ƙarewa da .iso. Ni da garaɓasar datar dare nake saukewa, in saka shi in kwanta.

Intanet ɗinmu kan yanke ya dawo, fayil kuma ya sauka da rauni ba tare da ya nuna ba. Don haka ake tantance shi. A shafin saukewar akwai ɗan fayil mai suna sha256sum.txt, yana ɗauke da wani dogon layi na haruffa da lambobi 64 ga kowane iri, tamkar zanen yatsan fayil ɗin. Buɗe foldar da abinka ya sauka, ka rubuta cmd a layin adireshi na sama, ka danna Enter, sannan ka rubuta:

certutil -hashfile linuxmint-22.2-xfce-64bit.iso SHA256

Ka sa sunan naka fayil ɗin daidai yadda yake. Bayan ɗan lokaci zai fito da nasa layin. Gwada su. In sun yi daidai, madalla. In ko harafi ɗaya ya saɓa, fayil ɗin ya lalace, sai ka sake saukewa. Mutane na tsallake wannan matakin saboda baƙin allon yana ba su tsoro, alhali minti biyu ne, kuma yana raba ka da wahalar yini.

Rubuta shi a filash

Kuskuren da na fi gani: mutum ya ja fayil ɗin .iso ya jefa cikin filash kamar waƙa, ya yi ta mamakin abin da ya hana kwamfuta tashi daga gare shi. Ba ya yiwuwa haka, sai wata manhaja ta shimfiɗa shi yadda kwamfuta za ta gane. Masu Mint balenaEtcher suke nunawa, tana da sauƙi ƙwarai. Ni na saba da Rufus, wadda ake samu a rufus.ie, 'yar mitsitsiya ce, ba ta cin data.

Zare duk wani filash ko rumbun waje daga jikin kwamfutar, musamman wanda ka zuba kayanka a ciki. Wanda za a rubuta kaɗai ya rage. Buɗe Rufus, ka duba "Device" ka tabbatar sunan da girman na filashinka ne. Danna "SELECT" ka nuna mata fayil ɗin. A "Partition scheme", in ɗazu ka ga UEFI zaɓi GPT, in Legacy ka gani zaɓi MBR. Sauran ka bar su yadda suke, ka danna "START". Za ta tambaye ka salon rubutu, karɓi wanda ta ba da shawara, na ISO. Za ta gargaɗe ka cewa komai zai goge. Sake kallon sunan filashin sau ɗaya, sannan ka amince. In koren layin ya cika ya ce "READY", an gama.

Tayar da kwamfuta daga filash

A nan aka fi yin gumi, domin kowane kamfani da nasa maɓallin. Kashe kwamfutar gaba ɗaya, filash na jiki. Kunna ta, kuma tun kafin tambarin kamfani ya gama fitowa ka fara bugun maɓallin a kai a kai, ba dannawa ɗaya ba. Dell, Lenovo da Toshiba F12 ne. HP kuwa F9, ko ka fara da Esc sannan F9. Asus galibi Esc. Acer ma F12 ne, sai dai sau da yawa a kashe yake zuwa, sai ka shiga BIOS da F2 ka kunna "F12 Boot Menu". A wasu kwamfutocin sai ka haɗa da Fn. In Windows ya riga ka ya tashi, ba komai, kashe ka sake. Ni ma sai a karo na biyu na kama ta 'yar tawa.

Jerin da zai fito kan nuna filashin sau biyu: ɗaya da UEFI a gaban sunansa, ɗaya babu. Zaɓi wanda ya dace da abin da ka gani a msinfo32. In Windows na UEFI ne ka ɗora Mint ta ɗaya hanyar, ba za su ga juna ba, ka shiga neman kai da su. In filashin bai fito ba sam, canza masa rami, sannan ka leƙa BIOS ka ga ko an hana tashi daga USB. Secure Boot, wani saitin tsaro da ke cikin BIOS, ba dole ne ka kashe shi ba, Mint na iya tashi da shi. Amma in ta ƙi, kashe shi ka sake gwadawa.

Zaɓi "Start Linux Mint". In allo ya yi baƙi ya daɗe, wanda ya fi faruwa ga masu katin hoto na NVIDIA, sake tayarwa ka ɗauki layi na biyu mai "compatibility mode".

Abin da ya fi burge ni a wannan harka shi ne abin da ke biyo baya. Mint za ta buɗe cikakkiya, daga filash take gudu, ba ta taɓa ko ƙwayar zarra a rumbunka ba. In ka zare filash ka sake kunnawa, Windows ɗinka na nan yadda ka bar shi. Gani ya kori ji. Na miƙa wa 'yar tawa kwamfutar na ce ta yi wasa da ita. Ta haɗa Wi-Fi da wayarta, ta buɗe bidiyo muka ji sauti, ta ƙara hasken allo ta rage, ta gwada kyamara, ta buɗe furojet ɗinta daga rumbun waje ta ga teburorinta ba su wargaje ba. Kai ma yi duk wannan, har firinta in kana da ita. Za ka ji ta ɗan yi nauyi, laifin filash ne, ba haka za ta kasance ba bayan ɗorawa. Ta ɗago kai ta ce, "Kawu, a goge Windows ɗin kawai." Na ce ta sake tunani. Ta ce ta gama.

Ɗorawa

A kan allon akwai hoton faifai mai suna "Install Linux Mint". Danna shi sau biyu. Zaɓi harshe, Turanci ko Faransanci ko Larabci, duk wanda ya fi maka.

Shafin kibod kada ka wuce shi da gudu. Dubi maɓallin lamba 2 da 3 a kwamfutarka. In alamar @ ce a kan 2, kibod ɗin Amurka ne, zaɓi "English (US)". In ka ga alamar fam ta Ingila a kan 3, ɗauki "English (UK)". Yawancin na hannu da ake kawowa daga Landan haka suke. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai, waɗanda layin haruffansu na sama ya fara da AZERTY, French za su zaɓa. Akwai ɗan fili a ƙasa, buga @ ka ga ko ita ta fito. Wanda ya kuskure a nan zai ƙirƙiri kalmar sirri da alamar da ba ita yake zato ba, gobe kwamfutarsa ta hana shi shiga.

Shafi na gaba, sa alama a "Install multimedia codecs" don bidiyo da sauti su yi aiki. In Secure Boot na kunne za a nemi wata kalmar sirri ta wucin gadi. Sa lambobi takwas masu sauƙin tunawa, sau ɗaya za ka yi amfani da su.

Yanzu ga shafin da ya fi kowanne haɗari, "Installation type". Cire hannunka daga linzami ka karanta. "Erase disk and install Linux Mint" na nufin a share rumbun kaf, har da abin da kake kira Local Disk D, domin C da D galibi ɗaki biyu ne a gida ɗaya, gidan kuma za a rushe. Mutane da yawa sun kwashe kayansu daga C zuwa D suna ganin sun tsira. "Install Linux Mint alongside Windows Boot Manager" shi ne zama tare: za a nuna maka rumbun a rabe biyu da layi a tsakiya, ka ja shi hagu ko dama ka yanka wa Mint rabonta. Kada ka ba ta ƙasa da giga 50 in da hali. "Something else" na waɗanda suka san rabon rumbu da hannu ne, sabon shiga ya bar shi. In zaɓin zama tare bai fito ba alhali Windows na nan, tsaya, kada ka ci gaba. Yawanci ko Fast Startup ne, ko BitLocker, ko ka tashi ta hanyar da ba ta dace da ta Windows ba. In kuma aka ce maka a kashe RST, saitin rumbu ne a BIOS da ake mayarwa AHCI. Mai goge Windows ya canza kansa tsaye. Mai son riƙe shi ya nemi wanda ya sani, domin canjin kan hana Windows tashi in ba a shirya shi ba.

Bayan ka danna "Install Now" za a sake nuna maka abin da za a rubuta. Daga "Continue" babu komawa.

A taswira zaɓi Lagos ko Niamey, lokacinsu ɗaya ne; na Gana Accra, na Sudan Khartoum. Sai sunanka, sunan kwamfuta da kalmar sirri. Wannan kalmar za a riƙa tambayarka ita duk lokacin da za ka ɗora manhaja ko ka taɓa wani saiti babba, saboda haka zaɓi wadda ba za ka manta ba. Ka bar zaɓin neman kalmar sirri kafin shiga, kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta da tabbacin hannun da za ta faɗa.

Daga nan sai jira. Mu sallar la'asar muka tafi, muka dawo ta gama. Danna "Restart Now", in ta ce ka zare filash ka zare, ka danna Enter. Wanda ya sa lambobin nan takwas zai ga wani shuɗin allo: ya zaɓi "Enroll MOK", sai "Continue", sai "Yes", ya buga lambobin ko da bai ga suna fitowa ba, sannan "Reboot". Mai manhaja biyu zai riƙa ganin jeri duk kunnawa, ya zaɓi wadda yake so. In kwamfutar ta wuce Windows kai tsaye, shiga BIOS ka ɗaga layin da aka rubuta "ubuntu" zuwa sama. Kada sunan ya ruɗe ka, Mint ce, da sunan uwarta take rajista.

Yinin farko

Fara da Driver Manager, mai ɗora direbobi, wato 'yan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta irin su Wi-Fi aiki. In Wi-Fi ya ƙi, wanda kan faru da wasu katunan Broadcom na tsofaffin HP da Dell, haɗa wayarka ta Android da kebul ka kunna "USB tethering", intanet zai shigo nan take. In babu data, mayar da filashin nan jiki, Driver Manager na iya ɗauko wasu direbobin daga cikinsa.

Sai Timeshift, mai ɗaukar hoton lafiyar manhajar don in wani abu ya rikice ka koma baya. Manhaja yake adanawa, ban da takardunka da hotunanka, su nauyinsu na wuyanka. Bayansa Update Manager, 'yar garkuwar da ke kusa da agogo. Sabuntawar farko kan ci ɗaruruwan mega, bar ta sai dare.

Ga wata dabara da za ta cece maka data. A Software Manager, manhaja ɗaya kan zo iri biyu, "System Package" da "Flatpak". Ta biyun kan janyo kayan rakiya masu nauyi, har ka ga 'yar manhaja ta nemi kusan giga guda a karon farko. Duba girman da aka rubuta kafin ka danna, ka fifita ta farko in akwai.

Firefox da LibreOffice suna ciki tun asali. Writer ne madadin Word, Calc na Excel, Impress na PowerPoint, kuma suna buɗe fayilolinsu. Ɗalibi ya kula da abu biyu. Malamai Times New Roman suke nema, saboda haka nemi ttf-mscorefonts-installer a Software Manager ka ɗora. Kuma in za ka aika wa malami, adana da .docx, in bugawa za ka kai shago, fitar da shi PDF, ta yadda shafukan ba za su motsa ba ko a wace kwamfuta aka buɗe. Wani daɗin kuma, bairos ɗin nan da ke mayar da fayilolin filash "shortcut" bayan an dawo daga shagon buga takardu, Windows aka yi shi domin ta, ba ya gudu a Mint. Za ka ga fayilolinsa a fili ka goge su.

Haruffanmu masu lanƙwasa suna fita ba tare da ƙarin manhaja ba. Danna Ctrl da Shift da U tare, ka saki, ka buga lamba, ka danna Enter: 199 na ba da ƙ, 257 ɗ, 253 ɓ, 1b4 kuma ƴ da ake rubutu da ita a Nijar. Manyansu 198, 18a, 181 da 1b3. A cikin Writer kuwa buga 0199 sannan Alt da X. Ni na rubuta su a 'yar takarda na manna mata kusa da kibod, cikin mako guda ta haddace.

Masu manhaja biyu za su lura agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya duk sanda suka fito daga Mint. Dalili shi ne Linux na ajiye agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma a kan lokacin gari, mu kuwa muna gaba da awa guda. Mutanen Kumasi da Accra ba za su ga wannan ba, lokacinsu daidai yake da UTC. Maganinsa layi ɗaya ne a Terminal, wato allon rubuta umarni na Mint:

timedatectl set-local-rtc 1

Kwamfutar 'yar tawa yanzu tana tashi cikin ƙasa da minti ɗaya. Na gaya mata in ta samu 'yan kuɗi ta canza tsohon rumbun mai juyawa da SSD, domin shi ne ragowar nauyin da take ji, kuma ya fi ƙarin ram tasiri a irin wannan na'ura. Bayan mako biyu ta kira ni, na ɗauka matsala ce, ashe ƙawarta ce ke son a yi wa tata.

Filashin kuwa, in kana bukatar abinka, akwai USB Stick Formatter a cikin Mint, zai mayar da shi fanko cikin daƙiƙoƙi. Ni dai ban goge nawa ba. Na ɗaura masa jan zare don kada ya ɓace cikin sauran, yana aljihun jakata. Ko a watan jiya da kwamfutar wani maƙwabcina ta ƙi tashi, da shi na tayar da ita, muka kwashe takardun filinsa da hotunan iyalinsa zuwa rumbun waje kafin ya kai ta wurin mai gyara.